Tsaron Intanet Jiya Da Yau: An Gyara Kwaɗo, Saura Mai Riƙe Da Makulli

A watan Satumban 2023 kamfanin Google ya yi wani abu da bai ja hankalin jama'a sosai ba, alhali kuwa akwai babban darasi a cikinsa. Ya cire ɗan hoton kwaɗon nan da ke maƙale a gefen adireshin shafi a burauzarsa ta Chrome, wato manhajar da akasarinmu ke buɗe shafukan intanet da ita. Duk wanda ya fara hulɗa da intanet a shekarun 2000 ya san irin jan kunnen da aka yi mana a kan wannan kwaɗo: in ka gan shi, shigar da lambar katinka hankali kwance, in ba ka gan shi ba, ja da baya. Hujjar da kamfanin ya bayar ita ce, binciken da ya gudanar a 2021 ya nuna kashi 11 cikin 100 kacal na waɗanda aka tambaya ne suka fahimci haƙiƙanin ma'anar kwaɗon. Da yawa sun ɗauka shaida ce ta cewa masu shafin mutanen kirki ne, alhali iyakar abin da yake nufi shi ne babu mai iya leƙa saƙonka a kan hanya. Ko wane ne ke jiran saƙon a can ɗaya ɓangaren, wannan ba ruwan kwaɗo, kuma 'yan damfara sun daɗe da maƙala shi a shafukansu na bogi.

Na ɗauko wannan misali ne domin in jawo hankalin mai karatu ga wani al'amari da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Da yawa daga cikin 'yan bokonmu, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikata, sun koyi ƙa'idojin kare kai a intanet ne kimanin shekara ashirin da suka wuce, suka haddace su, kuma har yau da su suke aiki, da su suke horar da na ƙasa da su. To amma kiɗa ya canza tuni. Wasu daga cikin ƙa'idojin nan, waɗanda suka shimfiɗa su ma sun janye su. Wasu kuma gadin ƙofar da ɓarawo ya daina bi suke yi. Abin da tarihin shekaru talatin ɗin nan ke nunawa shi ne, duk lokacin da injiniyoyi suka ƙara wa kwaɗo ƙarfi, sai ɓarawo ya ƙyale kwaɗon ya koma kan mai riƙe da makulli. A yau kuwa, ga ɗan Nijeriya, wannan makulli layin wayarsa ne da kuma bakinsa.

Garin da aka gina ba ganuwa

Kafin mu zargi kowa, ya kamata mu tuna cewa ba don kasuwanci aka gina intanet ba. Kakarta, wadda ake kira ARPANET, ta fara aiki ne a 1969 da cibiyoyin bincike huɗu a Amurka, kuma mutanen cikinta malamai ne da ɗalibai da suka san juna, tamkar mazauna ƙaramin ƙauye da ba su ga dalilin sa wa ɗaki ƙyaure ba. Ko da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar CERN da ke Suwizalan tsakanin 1989 da 1991, burinsa shi ne masana kimiyya su riƙa musayar takardu cikin sauƙi. Don haka saƙon imel da kalmar sirri da duk abin da mutum ya rubuta a shafi a buɗe suke tafiya, kamar wasiƙar da ka ba direban motar haya ba tare da ambulan ba. Duk hannun da ta bi, mai hannun zai karanta in ya ga dama.

Gargaɗin farko ya zo ne tun kafin haihuwar yanar gizo. Ranar 2 ga Nuwamban 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell mai suna Robert Tappan Morris ya saki wata 'yar manhaja mai hayayyafa da kanta, ta bi layi ta durƙusar da kimanin kwamfutoci 6,000, wato kusan ɗaya bisa goma na dukkan waɗanda aka ƙiyasta suna intanet a lokacin. Ɗaya daga cikin dabarunta shi ne ta yi ta gwada kalmomin sirri na gama-gari har sai ta dace. A sanadiyyar wannan ɓarna ce aka kafa cibiyar kai ɗaukin gaggawa ta farko, wato CERT, a Jami'ar Carnegie Mellon. Daga nan aka ɗora wata al'ada da ba ta canza ba har gobe: sai ɓarawo ya tafi ake neman maƙeri.

Kwaɗo ya iso, amma namu ƙarami ne

Kasuwa ce ta tilasta aka nemo kwaɗo. A 1995 shagunan Amazon da eBay suka buɗe, kuma babu mai hankalin da zai aika lambar katin kuɗinsa a wasiƙa marar ambulan. A wannan shekara ce kamfanin Netscape ya fitar da tsarin da ake kira SSL, wanda ake yi wa wani masani ɗan asalin ƙasar Masar, Taher Elgamal, laƙabi da ubansa. Yadda yake aiki shi ne, burauzarka da babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin sukan ƙulla wani zaurance na lissafi wanda su biyu kaɗai ke ji, ta yadda mai saurare a tsakani ba zai tsinci komai ba sai shirme. Daga wannan tsari ne ɗan hoton kwaɗon ya samo asali, kuma magajinsa mai suna TLS, wanda ya fito a 1999, shi ke tsare hanya har yanzu.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da ya shafe mu kai tsaye. A wancan zamani gwamnatin Amurka ta lissafa fasahar sakaya bayanai cikin jerin kayan yaƙi da ba a fitarwa waje sai da izini. Phil Zimmermann, wanda ya saki manhajar sakaya imel mai suna PGP a 1991, ya shafe kimanin shekara uku ana bincikensa kafin a ƙyale shi a 1996. Saboda wannan doka Netscape ya riƙa fitar da burauza iri biyu: ta 'yan gida mai makulli na ma'auni 128, da ta sauran duniya mai ma'auni 40. Kada mai karatu ya ɗauka bambancin ninki uku ne, domin kowane ma'auni guda da aka ƙara ninka wahalar fasawa yake yi sau biyu. A watan Agustan 1995 wani mai bincike a Faransa, Damien Doligez, ya fasa makullin ma'auni 40 cikin kwana takwas da taimakon kwamfutoci fiye da ɗari. Sai a shekarar 2000 aka sassauta dokar. Wato dai tun ran gini, ƙarfin kwaɗon da ke ƙofarka ya danganta da shawarar da wasu suka yanke a wani ofishi da ba ka taɓa gani ba.

Zamanin ƙwayoyin cuta

Lokacin da intanet ta fara yaɗuwa a biranenmu, daidai da zuwan wayar salula a 2001, ta iske duniya na fama da annobar ƙwayoyin cutar kwamfuta. Mu da muka ga zamanin shagunan intanet a Kano da Kaduna da Zariya muna tuna yadda ake sayen tikitin awa guda, a zauna gaban kwamfutar da mutum ashirin suka taɓa a wunin, kowa da faifansa a aljihu yana kwasar cuta daga wannan injin yana kai wa wancan. Sau da dama lokaci kan ƙare allo ya rufe, mai shi ya tashi ya bar akwatin saƙonsa a buɗe ga wanda zai gaje kujerar.

A watan Mayun 2000 wani saƙo mai taken ILOVEYOU ya taso daga ƙasar Filifin, ya shiga miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki, don kawai mutane sun ƙagu su ga wane ne ke son su. Ba a hukunta wanda ya rubuta shi ba, saboda a lokacin ƙasar ba ta da dokar da ta haramta aikin. A watan Yulin 2001 cutar Code Red ta kama kwamfutoci fiye da 350,000 cikin ƙasa da awa 14, sannan a Janairun 2003 wata mai suna Slammer ta kama kimanin 75,000 cikin minti goma. Waɗannan biyun ba su buƙatar kowa ya danna komai. Ɓaraka suka samu a jikin manhaja suka kutsa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin ya ishi kamfanin Microsoft har Bill Gates ya rubuta wa ma'aikatansa takarda a Janairun 2002 yana umartar su fifita tsaro a kan ƙawata manhaja. Daga Oktoban 2003 kamfanin ya ware Talata ta biyu a kowane wata don fitar da facin da ke toshe ɓaraka, kuma a 2004 ya sa katangar tsaro ta Windows XP ta riƙa tashi a kunne ba sai an kunna ta ba. A nan ne ƙa'ida ta farko ta canza. A da, abin alfahari shi ne a sayi manhajar kashe ƙwayoyin cuta a girka. A yau, abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne a bar waya da kwamfuta su sabunta kansu a kan kari. Wanda ke shakka ya dubi abin da ya faru ranar 12 ga Mayun 2017, lokacin da WannaCry, manhajar da ke garkuwa da bayanai tana neman kuɗin fansa, ta auka wa kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke dubban alƙawuran ganin likita. Facin da zai hana wannan ɓarna ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Sakawa ce kawai ba a yi ba.

Kalmar sirri da dokar da mai ita ya janye

Babu ƙa'idar da ta shiga jinin ma'aikatanmu kamar ta kalmar sirri: a haɗa babban baƙi da ƙarami, a sa lamba, a sa alama, a kuma canza duk bayan kwana 90. Tushen mafi yawan wannan shawara wata takarda ce da wani jami'in hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, mai suna Bill Burr ya rubuta a 2003. A 2017, bayan ya yi ritaya, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar akasarin abin da ya rubuta. A wannan shekara ce kuma hukumar ta sake ƙa'idojinta: ta ce a daina tilasta cakuɗa alamomi, a daina tilasta canza kalma lokaci-lokaci sai in akwai alamar an sace ta, a fifita tsawo, a kuma hana mutane zaɓar kalmomin da aka riga aka gani a jerin sata.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san halin ɗan Adam. Ka tilasta wa akawu ya canza kalma duk wata uku, sai ya mayar da Kano@2023 ta koma Kano@2024, ko ya rubuta ta a 'yar takarda ya liƙa a ƙarƙashin allon rubutu. 'Yan kutse sun san wannan sarai, domin sun samu littafin karatu kyauta. A Disamban 2009 aka sace kalmomin sirri miliyan 32 daga kamfanin RockYou, waɗanda ya adana a fili ba sakayawa, kuma wadda ta fi yawa a cikinsu ita ce 123456. Kamfanin da ya san aikinsa ba ya ajiye kalmarka yadda ka rubuta ta. Niƙa ta yake yi da lissafi, ta yadda mayar da ita zai yi wuya kamar mayar da gari ya koma dawa. Amma ko niƙan ma suna suka tara, domin wanda LinkedIn ya yi bai yi laushi ba, kuma satar da aka yi masa a 2012 ta shafi asusu fiye da miliyan 100. Yahoo kuwa, inda mafi yawanmu muka buɗe akwatin imel na farko, sai a 2017 ya amsa cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusunsa biliyan 3.

Abin da ya biyo baya shi ne haɗarin da ya fi kowane girma a yau game da kalmar sirri, wato maimaita ta. Ɓarawo kan ɗauki adireshin imel da kalmar da aka sato daga wani ƙaramin shafi da ka manta ka taɓa rajista a cikinsa, ya sa inji ya yi ta gwada su a Facebook da Gmail da sauransu. Komai wuyar kalmarka, in makulli ɗaya ke buɗe shagonka da gidanka da motarka, ranar da ya faɗi a kasuwa ka yi asarar uku.

An rufe hanya gaba ɗaya

Har zuwa ƙarshen shekarun 2000, yawancin shafuka kan sakaya shafin shiga ne kawai, su bar sauran a buɗe don tsimin kuɗi. A Oktoban 2010 wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya saki Firesheep, wadda ke ba duk wanda ke kan intanet ɗin iska ɗaya da kai, a otal ko filin jirgi, damar shiga asusunka na Facebook da danna ɗaya. Ya yi haka ne da gangan don ya kunyata kamfanoni, kuma ya yi nasara. Sai tonon sililin da Edward Snowden ya yi a Yunin 2013 ya nuna irin yadda hukumomin leƙen asiri ke kwasar bayanai a kan hanya. A ƙarshen 2015 ƙungiyar Let's Encrypt ta fara raba takardar shaidar kwaɗo kyauta ga duk mai shafi. A Afrilun 2016 WhatsApp ya sakaya dukkan saƙonni daga waya zuwa waya, sannan daga Yulin 2018 Chrome ya fara yi wa duk shafin da ba shi da kwaɗo tambarin rashin tsaro. Yanzu fiye da kashi 90 cikin 100 na shafukan da ake buɗewa a Chrome a sakaye suke tafiya.

Wannan babbar nasara ce, kuma ya kamata a lura da yadda aka same ta: an mayar da tsaro abin da ke zuwa a kunne, ba tare da an jira kowa ya koyi komai ba. Mun ga irin haka a gida, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sa bankuna suka bar katin cirar kuɗi mai zanen maganaɗisu, wanda ake kwafa cikin sauƙi, suka koma mai ɗan guntun ƙarfe da lambar sirri, tsakanin 2009 da 2010. Kwafar kati ta ragu matuƙa, abin da wa'azin shekara goma ba zai iya ba.

Ɓarawo ya koma kan mai gida

Da hanya ta rufu, manhajoji suka yi ƙarfi, sai 'yan kutse suka koma ga tsohuwar sana'a, wato roƙon makulli daga hannun mai shi. A Yulin 2020 wasu matasa, cikinsu har da ɗan shekara 17, suka buga wa ma'aikatan Twitter waya suna nuna su abokan aiki ne daga sashen fasaha, suka karɓi bayanan shiga, suka kai hari ga asusu 130, har da na Barack Obama da Elon Musk. A Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun man da ke shayar da gabashin Amurka, ya tsaya cik na kwanaki, aka yi ta layin mai, ya kuma biya fansar dala miliyan 4 da dubu 400. Ƙofar da aka bi tsohon asusu ne da aka daina amfani da shi, mai kalmar sirri ɗaya ba mataki na biyu. A farkon 2024 kuma wani ma'aikacin kamfanin injiniya na Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan wani taron bidiyo da shugabanninsa, daga baya aka gano fuskoki da muryoyin duk na bogi ne da aka haɗa da fasahar ƙirƙirarriyar basira.

Mu a Nijeriya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Damfarar da ake kira 419 ta girmi imel. Da wasiƙa da na'urar faks aka fara ta. Emmanuel Nwude, wanda kotu ta ɗaure a 2005, bai fasa kwamfutar kowa ba sa'ad da ya karɓe dala miliyan 242 daga wani bankin ƙasar Brazil da sunan kwangilar filin jirgin sama a Abuja. Da daɗin baki ya yi aikinsa.

Abin da ya canza shi ne inda dukiyarmu ta koma. Tun da aka ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014, aka kuma umarci a haɗa layin waya da lambar NIN a Disamban 2020, sai layin waya ya zama katin shaida, ya zama ƙofar banki. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura har 'yan tireda da masu sayar da hatsi zuwa tura kuɗi ta waya. Mataki na biyu na tsaro, wato 'yar lambar nan da ake turo maka ta saƙon tes, wadda Google ya buɗe wa jama'a tun 2011, garkuwa ce mai kyau, amma duk ƙarfinta ya rataya ne a kan layin. Wanda ya sace wayarka ya cire katin sim, ko ya yaudari kamfanin waya aka yi masa sabon kati da lambarka, shi zai karɓi saƙon. Shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, ta wannan hanya aka shiga asusunsa a Agustan 2019. Mafi sauƙi kuma, a kira ka cikin ladabi, a ambaci cikakken sunanka, a ce daga banki ne za a rufe asusunka, ko a ce an sa ka a taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ka karanto lambar da aka turo maka. Kana karantawa ka miƙa asusunka na banki ko na WhatsApp, a shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya.

Kada ɗan boko ya ɗauka wannan tarko na jahilai ne. Mai digiri uku da ke cikin gaggawa, aka kira shi yana tuƙi, aka tsorata shi da rufe asusu, ya fi sauƙin kamu a kan tsohuwar da ba ta yarda da kowa ba. Tsoro da gaggawa da ganin girman na gaba su ne kayan aikin ɗan damfara, kuma ilimi ba ya maganin ko ɗaya.

Abin da ya rage mana

A ganina gyaran hawa biyu ne. Na farko yana wuyan kowannenmu. A bar waya da kwamfuta su riƙa sabunta kansu. A ba kowane asusu kalmarsa, doguwa, ko da kalmomi uku ne marasa alaƙa da juna, kamar yadda cibiyar tsaron intanet ta Birtaniya ke ba da shawara. Wanda ba zai iya riƙe su a ka ba ya yi amfani da manhajar adana kalmomin sirri. A fara da akwatin imel, domin ta nan ake sake kalmar duk sauran asusu. A sa wa katin sim lambar sirri, ta yadda in an cire shi aka sa a wata waya ba zai yi aiki ba. A kunna lambar mataki na biyu ta WhatsApp. Inda aka ba da zaɓi, a fifita sabon tsarin makullin da ke zaune cikin waya ana buɗe shi da yatsa ko fuska, wanda Apple da Google da Microsoft suka amince da shi a Mayun 2022. Fa'idarsa ita ce babu wata lamba da za a roƙa ka faɗa, kuma ba ya buɗe wa shafin bogi. Google ya bayyana a 2018 cewa tun da ya raba wa ma'aikatansa fiye da 85,000 makullan tsaro masu irin wannan aiki a farkon 2017, ba a samu nasarar yaudarar asusun ko ɗayansu ba. Daɗin daɗawa, duk wanda ya nemi kuɗi ko lamba cikin gaggawa, ko da muryar ɗan'uwanka ce, a katse, a kira shi ta lambar da aka sani.

Hawa na biyu, wanda ya fi nauyi, yana wuyan masu riƙe da ma'aikatu, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi su ne. Shugaban da har yanzu ke tilasta canza kalma duk wata uku, alhali ma'aikata shida na amfani da asusu ɗaya, kuma asusun wanda ya bar aiki bara na nan a buɗe, to gadin ƙofar da babu komai a bayanta yake yi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi masa kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Asibiti da makaranta da ofishin lauya duk suna ciki. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hukunta ɓarawo ne in an kama shi, ba ta dawo da sirrin majinyacin da ya riga ya fita. Haka nan bankuna da kamfanonin waya, bai wadatar su turo gargaɗi da Turanci ga manomin da ba ya karanta shi ba, sannan in an yashe shi a ce ai shi ya ba da lamba. Su yi gargaɗin da Hausa, a rediyo da murya, su tsaurara sake katin sim, su kuma gina tsarin da ko an yaudari mutum ba za a kwashe gumin shekararsa cikin minti biyu ba.

Tarihin da muka bi ya nuna cewa duk gyaran da ya ɗore, daga facin da ke sauka da kansa zuwa katin banki mai guntun ƙarfe, an same shi ne ranar da masu tsari suka daina jiran mutane su zama mala'iku, suka ɗauke masu nauyin. Kafin wannan rana ta iso ga layin wayarmu, kowa ya dubi ƙa'idojin da ya haddace ya tambayi kansa shekarar da ya koye su. Gemun maƙwabta da dama ya riga ya kama wuta, kuma ruwan shafawa bai fi aikin rabin awa ba a daren yau.